Gambarar Zamani: Tafiyar Hip-Hop Daga Bronx Da Tokiyo Zuwa Ƙasar Hausa

Hip-hop wata al'ada ce ta matasa da ta samo asali a unguwannin talakawa na birnin New York da ke Amurka a farkon shekarun 1970, wadda a yau kiɗanta ke cikin waɗanda aka fi saurare a duniya. A ƙasar Hausa, kafafen yaɗa labarai kan kira waƙarta da suna gambarar zamani, saboda kamannin da ke tsakaninta da sana'ar 'yan gambara, masu jera magana mai kari da azanci a kasuwanni tun kafin zuwan rediyo. An saba kasa al'adar zuwa rukunai 4: waƙar baka mai sauri da ake kira rap, da juya faifai, da rawar burekin, da zanen bango. Daga cikinsu, rap ce ta fi samun gindin zama a arewacin Najeriya da Jamhuriyar Nijar. A Japan kuwa, ƙasar da ake yawan kafa misali da ita kan yadda baƙuwar al'ada ke zama 'yar gida, rawar ce ta fara shiga, sannan waƙar ta biyo baya.

Asalin al'adar

Masu bibiyar tarihin hip-hop sun ɗauki ranar 11 ga Agustan 1973 a matsayin ranar haihuwarta. A wannan rana ce wani matashi ɗan asalin Jamaika mai suna Clive Campbell, wanda aka fi sani da DJ Kool Herc, ya yi kiɗa a wani bikin da ƙanwarsa ta shirya a gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick da ke unguwar Bronx. Ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a daidai gurbin da mawaƙi ya yi shiru aka bar ganguna kaɗai suna tashi. Don haka ya riƙa ɗora faifai iri ɗaya a kan na'urori biyu, yana maimaita wannan gurbi ba tare da yankewa ba. A kan wannan kiɗa ne masu riƙe da makirufo suka fara jera magana, suna kambama kansu da unguwanninsu, suna zuga 'yan rawa.

Bronx ta wancan lokaci unguwa ce da talauci da rashin aikin yi da gobarar gidaje suka addaba, kuma mafi yawan mazaunanta baƙaƙen fata ne da 'yan asalin tsibiran Karebiyan. A 1979 ƙungiyar Sugarhill Gang ta fitar da “Rapper's Delight”, waƙar da ta fitar da rap daga unguwa zuwa kasuwar duniya. A 1982 kuma Grandmaster Flash da ƙungiyarsa suka fitar da “The Message”, wadda ta bayyana ƙuncin rayuwar talakan birni. Tun daga nan rap ta kasance da fuskoki biyu, ta nishaɗi da ta koke, kuma duk ƙasar da ta shiga da su take shiga.

Yadda Japan ta karɓe ta

A 1983 aka nuna fim ɗin “Wild Style” a birnin Tokiyo, wasu daga cikin taurarinsa kuma suka je da kansu suka yi wasa. Ba da jimawa ba matasa suka fara taruwa ranar Lahadi a dandalin Yoyogi da ke kusa da Harajuku suna gwada rawar burekin. Ɗaya daga cikin waɗanda fim ɗin ya sauya wa rayuwa shi ne DJ Krush, wanda daga baya ya zama sanannen mai juya faifai a Turai da Amurka.

Rawar ta yaɗu da sauri domin ba ta buƙatar harshe. Waƙar ce ta gamu da cikas. Kamfanonin faifai sun daɗe suna ganin cewa Japananci ba zai ɗauki rap ba, bisa dalilai na nahawu. Jimlar Japananci kan ƙare da aikatau, kuma ƙarshen aikatau ɗin 'yan ƙalilan ne, saboda haka amsa-amon da za a samu zai zama maimaici mai gundura. Bugu da ƙari, waƙoƙin gargajiyar ƙasar, irin su haiku, ƙidayar gaɓoɓi suka dogara da ita, a tsarin 5 da 7 da 5, ba su san amsa-amo ba. Mawaƙan sun warware matsalar ta hanyar juya tsarin jimla domin ta ƙare da suna, tare da cin gajiyar tarin kalmomin da harshensu ya aro daga Sinanci.

Shekarar 1994 ce ta buɗe kasuwa, lokacin da waƙar “Da.Yo.Ne” ta East End da Yuri, da kuma “Kon'ya wa Boogie Back” ta Scha Dara Parr da Kenji Ozawa suka samu karɓuwa a faɗin ƙasar. A 1995 ƙungiyar King Giddra, wadda ta ƙunshi Zeebra da K Dub Shine da DJ Oasis, ta fitar da kundinta na farko mai taɓo matsalolin al'umma. Ranar 7 ga Yulin 1996 aka yi babban taron Sanpin Camp a dandalin Hibiya, wanda ya haɗa mawaƙan da ke ganin su ne masu riƙe da hip-hop ta asali. Masanin halayyar al'umma Ian Condry, a littafinsa “Hip-Hop Japan” na 2006, ya nuna cewa a ƙananan gidajen rawa na dare ne wannan al'ada ta girma, inda mawaƙi ke fuskantar masu sauraro ido da ido.

Daga baya Japan ta fara mayar wa duniya abin da ta karɓa. Nujabes, wanda ya rasu a 2010, ya haɗa rap da kiɗan jaz mai sanyi, kuma kiɗan da ya yi wa fim ɗin zane na “Samurai Champloo” a 2004 ya zama tushen wani salo da ɗalibai ke saurare yayin karatu a ƙasashe da dama. Nigo, wanda ya kafa kamfanin tufafi na A Bathing Ape a 1993, ya yi tasiri a kan suturar mawaƙan Amurka. Tun 2012 rawa ta zama darasin dole a ƙananan makarantun sakandaren Japan, kuma salon hip-hop na cikin abin da makaranta za ta iya zaɓa. Da aka shigar da burekin gasar Olamfik ta birnin Paris a 2024, 'yar Japan Ami Yuasa ce ta ci zinaren mata.

Na'urorin da suka haɗa Bronx da Kano

Akwai wata gudummawar Japan da ta riga duk waɗannan. Na'urar juya faifai ta Technics SL-1200, wadda ta zama abin aikin masu juya faifai a ko'ina, kamfanin Matsushita ne ya fito da ita a 1972. Injin ganga na Roland TR-808 ya fito a 1980, aka daina ƙera shi bayan 'yan shekaru saboda bai yi kasuwa ba, sai ya yi araha a hannun masu sayar da kwance, matasan da ba su da kuɗin ɗaukar makaɗa suka same shi. Da shi aka yi “Planet Rock” ta Afrika Bambaataa a 1982, kuma amonsa mai nauyi na nan a cikin rap har yau. A 1988 kamfanin Akai ya fito da MPC60, mai ba mawaƙi damar yanko sauti daga tsohon faifai ya gina sabon kiɗa da shi.

Irin wannan labari ya faru a Kano. A tsakiyar shekarun 1990 situdiyoyi irin su Iyan-Tama suka fara amfani da fiyanon Yamaha samfurin PSR, wanda mutum ɗaya zai iya kwaikwayon kalangu da sarewa da sauran kayan kiɗa da shi. Da wannan fiyano aka gina kiɗan finafinan Hausa da ake kira nanaye, wanda fim ɗin “Sangaya” na 1999 ya ƙara wa farin jini. A waɗannan situdiyoyi ne, kuma a hannun waɗannan makaɗan fiyano, mawaƙan gambarar zamani na farko a Kano suka ɗauki waƙoƙinsu, kafin kwamfuta da manhajojin haɗa kiɗa su maye gurbin fiyano.

Tushen gida

Bahaushe bai gamu da matsalar da Bajapane ya gamu da ita ba. Rubutacciyar waƙar Hausa ta san amsa-amo, wato ƙafiya, tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u, kuma ta aro ma'aunanta daga arulin Larabci. Kusan dukkan kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, abin da ke sauƙaƙa daidaita ƙarshen ɗango. Harshen yana da karin sauti da dogon wasali da gajere, waɗanda ke ba magana kiɗa tun kafin a buga ganga. Sai dai wannan ni'ima tana tafe da sharaɗi: mawaƙin da ya murɗe karin kalma domin ta hau kan kiɗan waje zai iya sauya ma'anarta, masu sauraro kuma nan take suke gane wanda Hausarsa ba ta nuna ba.

A fagen waƙar baka ma, kusan kowane salo na rap yana da ɗan'uwa a gargajiya. Kambama kai shi ne kirari, irin wanda ɗan dambe ke yi kafin ya shiga fage, ko ɗan tauri da maharbi idan sun ji takensu. Sukar abokin hamayya ita ce zambo da habaici, waɗanda makaɗan fada irin su Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo suka ƙware a kai. Ƙirƙirar waƙa nan take ita ce baiwar da aka san Alhaji Mamman Shata da ita, haifaffen Musawa a Jihar Katsina, wanda ya rasu a 1999. Ɗan Anace ya waƙe 'yan dambe, Kassu Zurmi ya waƙe 'yan tauri da maharba, Ɗanmaraya Jos kuma ya ɗauki kuntiginsa ya waƙe karen mota. Hatta muhawarar da ake yi kan ko waƙar da ke bayyana rayuwar masu laifi tana ƙarfafa laifin ne, tsohuwa ce a ƙasar Hausa, domin an yi ta a kan Gambu mai waƙar ɓarayi.

Shigowarta Yamai da Kano

Rap ta fara shigowa ne ta kaset-kaset da bidiyon Amurka a shekarun 1980 da 1990, inda matasan birane suka riƙa kwaikwayon mawaƙa irin su Tupac Shakur da Turanci. Nijar ce ta riga yin ta da harsunan gida a matsayin ƙungiyoyi. A ƙarshen shekarun 1990 aka samu ƙungiyoyi a Yamai irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya da Wass Wong, masu gauraya Hausa da Zabarmanci da Faransanci, suna waƙa kan cin hanci da auren dole da cutar ƙanjamau da zaman kashe wando. Daga Yamai salon ya bazu zuwa Maraɗi da Damagaram, ya samu masauki a majalisun shayi na samari da ake kira fada, waɗanda masaniya Adeline Masquelier ta yi nazarinsu a littafinta na 2019.

A Najeriya, Eedris Abdulkareem, wanda aka haifa kuma ya tashi a Kano, yana cikin ƙungiyar The Remedies da ta buɗe fagen hip-hop a Legas a ƙarshen shekarun 1990. Waƙarsa “Jaga Jaga” ta 2004 ta fusata gwamnatin Obasanjo har aka hana sa ta a gidajen rediyo. A cikin Kano kanta, shekarun 2000 sun fito da mawaƙa masu rap da Hausa zalla, irin su Billy-O da Nazir Ahmad Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums. Zuwan wayar salula a 2001 da buɗe gidan rediyon Freedom a 2003 sun taimaka wajen yaɗa sababbin muryoyi. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero na cikin masanan da suka fara ɗaukar wannan fage da muhimmanci, ya yi rubuce-rubuce a kansa.

Takun-saƙa da hukuma

Gambarar zamani ta taso a Kano a daidai lokacin da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, aka kuma kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001. Daga 2007, lokacin da Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ya karɓi ragamar hukumar a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, aka tsaurara matakai. A shekarar ce aka ɗaure Adam A. Zango kan kundin bidiyonsa na “Bahaushiya”. Mawaƙa suka mayar da martani da waƙoƙin da suka riƙa yawo daga waya zuwa waya ta bulutut, ba tare da sun bi ta kasuwa ko rediyo ba. A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da “Girgiza Kai” ta Ziriums.

Masu goyon bayan tacewa suna kafa hujja da kalaman batsa da shigar da ba ta dace da tarbiyya ba da kambama shaye-shaye da ake gani a wasu waƙoƙin. Mawaƙan kuma suna cewa ana fakewa da tarbiyya ne domin a rufe bakin masu sukar gwamnati, kuma da yawansu na buɗe waƙa da ambaton Allah da salatin Annabi kamar yadda magabatansu suka saba. Japan ma ta ɗanɗana irin wannan ja-in-ja ta wata fuskar: wata dokar 1948 ta taƙaita rawa a gidajen dare bayan tsakar dare, kuma sai a 2015 aka sassauta ta bayan doguwar fafutuka.

Zubi na biyu

A shekarun 2010 fagen ya faɗaɗa zuwa wasu biranen. Jos ta fitar da M.I Abaga da Jesse Jagz da Ice Prince, wanda waƙarsa “Aboki” ta 2012 ta kai kalmomin Hausa kunnen 'yan kudu. Bauchi ta fitar da ClassiQ da BOC Madaki, Borno ta fitar da Morell, Kaduna kuma ta fitar da DJ AB da ƙungiyarsu ta Yaran North Side. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta ware shirye-shirye na musamman, ciki har da “Zafafa Goma” da Nomiis Gee ya gabatar, wanda ya sa iyalai a Katsina da Sakkwato da Maraɗi suka fara ganin fuskokin mawaƙan a falonsu. Wannan zubi ya ƙunshi Musulmi da Kirista, Hausawa da waɗanda Hausa ta zame musu harshen titi, kuma Hausarsu kan gauraya da Turanci da Turancin buroka. Masu kishin harshe na kokawa da wannan gauraye, yayin da mawaƙan ke cewa haka matasan Sabon Gari da Tudun Wada ke magana, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

A Batsari da Safana

Yadda wannan waƙa ke isa karkara ya fito fili a yammacin Jihar Katsina. Batsari, mazaunin Sarkin Ruma, da Safana, mazaunin Yariman Katsina, ƙananan hukumomi ne na manoma da makiyaya da ke bakin dajin Rugu. Ƙasar Ruma ta yi suna da jarumta tun ƙarni na 19, lokacin da take tare hare-haren da ke fitowa daga Maraɗi, kuma sunan Ɗanwaire na nan cikin labaran baka da kirari. Kunnen mutanen yankin ya saba da taken maza da kiɗan tauri da na noma, saboda haka salon kambama kai na rap ba baƙo ba ne gare su.

Hanyoyin da waƙar ke bi su ne ɗalibai da ke karatu a Katsina da Dutsin-Ma, inda aka kafa jami'ar tarayya a 2011, da 'yan cirani masu dawowa daga Kano da Abuja da Legas, da direbobi da 'yan acaɓa, sannan uwa uba shagunan cajin waya. A waɗannan shaguna ne masu tura waƙoƙi da finafinai, waɗanda aka fi sani da 'yan dawunlodin, ke cika wa mutum memori da kuɗi kaɗan, musamman ranar kasuwa. A cikin memori ɗaya za a tarar da Shata da wa'azi da waƙoƙin soyayya na Hamisu Breaker da Umar M. Shareef da na siyasa na Rarara, ɗan Kahutu a Ƙaramar Hukumar Ɗanja, tare da gambarar zamani. Har yanzu nanaye da waƙar siyasa ne ke da rinjaye a karkara, rap kuwa ta fi ƙarfi a tsakanin 'yan makaranta.

Matsalar 'yan bindiga ta taɓa wannan hanya kai tsaye. A watan Satumban 2021, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Batsari da Safana, aka kuma hana sana'ar cajin waya ta kuɗi a yankunan da matsalar ta shafa, bayan an riga an dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanninsu. Sai a watan Disamba aka fara maido da layukan. Tsawon waɗannan watanni, matasan da ke cin abinci ta tura waƙoƙi sun rasa sana'a, kuma bukukuwan dare da makaɗa ke samu a cikinsu sun riga sun ja baya saboda fargaba. Tabarbarewar tsaro da gudun hijira da tsadar rayuwa sun zama jigogin da mawaƙan arewa ke yawan taɓowa. A ɗaya gefen kuma, bayyanar waƙoƙin da ke yabon 'yan bindiga a kafafen sada zumunta ta sake tayar da tsohuwar tambayar da aka yi a kan Gambu.

Kasuwa da haƙƙin mallaka

Babban bambanci tsakanin Tokiyo da Kano yana wajen kuɗi. Japan ce kasuwar faifan waƙa ta biyu mafi girma a duniya bayan Amurka, kuma har yanzu jama'arta na sayen faifan CD, don haka mawaƙi na iya rayuwa da masu sauraron gida kaɗai. A ƙasar Hausa masu sauraro miliyoyi ne, amma yawancinsu ta memori da WhatsApp suke samun waƙa, kuma ko sisi ba ya komawa ga wanda ya yi ta. Manhajoji irin su YouTube da Audiomack da Boomplay da Spotify, wadda ta shigo Najeriya a 2021, suna biya ne gwargwadon yawan saurare, abin da ke buƙatar intanet mai ƙarfi da kuɗin data. Saboda haka mawaƙin Hausa ya fi dogara da wasan Sallah da bukukuwa da tallan kamfanoni da waƙar 'yan siyasa, wanda hakan kan rage masa 'yancin sukar da aka san rap da ita.

Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi kariya ga ayyukan da ke intanet tare da ba mai haƙƙi damar neman a sauke aikinsa da aka ɗora ba da izini ba. Aiwatar da ita na hannun Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa. Ikon dokar ya fi tasiri a kan manhajoji da shafukan intanet, waɗanda ke da adireshi da rajista, yayin da cinikin da ake yi daga kwamfuta zuwa memori a kasuwannin ƙauye ke gudana hannu da hannu ba tare da rasit ba. A garuruwa irin su Batsari da Runka da Safana, wannan cinikin ne ya fi kai waƙa kunnen jama'a.